Baƙon da Ya Sauka a Ƙafar Labbo

Tun da na dawo daga Zariya ban sayar da tsoka ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya tsaya a rumfata ta kasuwar Bunguɗu, maimakon ya ce a yanka masa nama, sai ya ce, "Auta, wai gaskiya ta an kama ka Tsahe da ƙahwa?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma kowa ya tashi sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya da kunnena na ji wata mai fura tana rantsuwa wai kan mutum ne aka kama ni da shi. To, tunda Allah ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya haɗa baƙi, bari in rubuta shi sau ɗaya. Mai son ji ya nemi mai karanta masa, ni kuma a bar ni in yi ciniki.

Mu mahauta ne, gado muka yi. Yayana Labbo shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya koya mini riƙon wuƙa, kuma har yau da furfura a gemuna Auta yake kirana, yana aike na kamar jiya aka yaye ni. Yana da wani tsohon gyambo a ƙwauri tun yana saurayi, inda wani sa ya harbe shi. Shekara da shekaru abin ya warke ya dawo, har mun saba da shi. Bara sai ya sake kama. Bakinsa ya yi kauri, wani nama ya tsiro a ciki, yana jini, yana wari. Tsofaffi suka duba suka ce ciwon daji ne.

A wajenmu ba a kiran wannan ciwo da sunansa a gaban mai shi, sai a ce baƙo. Kuma kowa ya san baƙo nama yake ci, in ba a ba shi ba ya ci na maigida. Saboda haka kullum da safe Labbo zai yanki tsoka mai kyau, wadda ko hakimi ba ya sayar wa, ya ɗora kan ciwon ya ɗaure da tsumma. Washegari a kwance a tarar naman ya yi laushi, ya yi fari, yana yauƙi. Sai Labbo ya ɗaga shi yana nuna mana da alfahari.

"Kun gani? Ya ci. Baƙona bai taɓa kwana da yunwa ba."

Baƙo yana ci yana faɗi, maigida yana ramewa. Mun yi magana mun gaji. Matarsa Yaya Dije ita ta san makamarsa. Wata safiya ya tashi bai ga wuƙaƙensa ba, har da barhon da ya gada. Ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya yi lallashi. Ta ce wuƙaƙe suna nan lafiya, kuma ranar da ya dawo daga asibiti za su fito. Haka na ari jaki na ɗora shi muka kama hanyar Gusau, yana bisa yana koya mini yadda ake kora jaki.

A ƙofar asibitin Gusau ya kwance naman ya ɓoye cikin hularsa, don ya ce ma'aikata ba su san mutuncin baƙo ba. Malamin asibitin da ya duba ƙafar mutumin kirki ne. Ya daɗe yana kallo, ya ce wannan sai babban asibiti a Zariya, kuma kada mu tsaya jiran kaka. Da Labbo ya fita sai ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba. Ko ƙafar, ko mai ƙafar." Na fito na sami Labbo a gindin bishiyar bedi yana mayar da namansa, na ce masa allura ce kawai za su yi a can.

Mun kwana gidan wani mahauci abokin Baba. Gusau ta cika da mutane, ga injin gurzar auduga yana ƙara ba hutu, ga kantuna, ga Yarbawa da Inyamurai da Kwara fararen 'yan kasuwa, kowa da harshensa. Duk wannan Labbo bai gani ba. Abin da ya gani shi ne mahautan Gusau suna barin kitse a jikin fata, kuma bai bar maganar ba har muka hau mota.

Motar ta ɗauko buhunan gyaɗa ne, mu kuma aka jera mu a kai kamar ragowar kaya. Kusa da Labbo wani wanzami ya zauna, irin mutanen nan da ba su iya ganin ciwo su yi shiru. Ya tambayi inda muka nufa. Ina ta yi masa ido, shi kuwa ya ɗauka ƙwaro ya faɗa mini.

"Zariya?" in ji shi. "Ai can ba su wasa. Ɗan gwaggona ya tahi da ƙaya a diddige, yad dawo da sanda biyu. Yanke ƙahwa gare su awa yankan rake na."

Da motar ta tsaya a Tsafe sai Labbo ya sauko da kansa, ya zauna kan wani kututture, ya ce tafiya ta ƙare a nan.

Ina cikin roƙonsa sai ga duba-gari. Dole in gabatar da shi sosai, don za ku sake haɗuwa da shi. Bakano ne, dogo, da gajeren wando na kaki da sanda a hammata, kuma hancinsa ya fi na kowa aiki a ƙasar Tsafe. Ya shinshina ya nufo jakata kai tsaye, ya zaro naman guzurin baƙo da na naɗe cikin ganye.

"Naman waye wannan? A ina aka yanka?"

Na ce, "Na baƙo na, ranka shi daɗe. Gusau munka saye shi, yau anka yanka."

Ya kama kunnensa ya karkato. "Munka me? Anka me? Kai, ku Zamfarawa ku riƙa yin Hausa mana, mutum ya fahimce ku."

'Yan tasha suka fashe da dariya. Sai da Labbo ya kwance ƙafar ya nuna masa baƙon kafin ya toshe hanci ya sake mu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ƙudurta a zuciyata in Allah ya sake haɗa mu sai na yi masa Hausar da ko a bakin kasuwar Kurmi ba a yi kamarta.

Muka sauka gidan Gwaggo Kulu, ƙanwar Baba, wadda aure ya kai Tsafe tun ba a haife ni ba. Ta kawo hoce da tuwon dawa miyar kuka, muka ci, sannan na ba ta labari a ɓoye. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi wa Labbo faɗa. Ko ɗaya ba ta yi ba. Ta ɗauko kujera ta zauna gabansa tana sakace.

"Labbo, na jiya ka hwasa tahiya. Ka kyauta. Mi za ka yi Zariya? Mutuwa gida ta hi daɗi. To, tun kana da bakin magana, ragon nan naka mai baƙin wuya, ni za ka bar ma shi ko?"

Ya ɗago kai. "Wane rago?"

"Na sallar layya. Ai ba ka kai ta. Kuma babbar tukunyar ƙarhe ta uwarku, kar Dije ta riƙe. Auta, kai shaida na."

"Gwaggo, ban mutu ba hwa!"

"Ai shi na nika gaggawa."

Da gari ya waye Labbo ne ya tashe ni. Ya ce in je in tambayo lokacin jirgi, don wallahi tsohuwar nan ba za ta ci ragonsa ba. Da muka zo sallama ta cusa mini hoce a jaka, ta riƙe hannuna gam, sai na ga idonta ya cika. Ta ce, "Ka maido min shi, ko rabinai na."

Ranar muka fara shiga jirgin ƙasa. Labbo ya ce in sanar da shi in za mu fita ƙasar Sarkin Musulmi don ya yi addu'a. Na kafa ido ta taga ina neman ganuwa ko shinge, ban ga komai ba sai dawa da gero irin namu. Sai da muka tsaya Funtuwa na ji masu talla suna magana wata iri, na ce masa mun fita tun ɗazu. Ya zage ni, ya yi addu'ar a makare. Da la'asar ta yi kuma ya leƙa ta taga ya riƙa ƙwala wa direba kira ya tsaya a yi salla. Direba yana can gaba cikin hayaƙi, ko mutanen taragon da ke gabanmu ba su ji ba.

Zazzagawa mutanen arziki ne, amma Allah ya hana su sanin mace da namiji a magana. Mai masaukina ya ce mini matansa ya tafi unguwa, na daɗe ina lissafin mata nawa ne da shi, ashe ɗaya ce. Tuwonsu kuwa laushi gare shi, ka ci ka ƙoshi, kafin ka wanke hannu yunwa ta dawo.

Asibitin kuma wata duniya ce. Aka ɗora Labbo kan gadon ƙarfe mai tsawo, ya ce shi ba kilishi ba ne da za a shanya shi bisa. Wata sista mai farar hula ta sa masa wani tsinken gilashi a ƙarƙashin harshe, ya tsotsa ya tsotsa ya ce maganin nan ba ya narkewa. Ita ce mace ta farko bayan Yaya Dije da na ga ta ce masa ya yi shiru ya yi.

Likitan Bature ne, siriri, mai sanƙo, Hausarsa ba ta wuce sannu da ina ciwo ba. Mai yi masa tafinta wani ma'aikaci ne Bazazzagi, Malam Iro. Likita ya duba ciwon, ya ɗebi ɗan nama don a gwada, ya daɗe yana lalluben matsematsin Labbo inda kaluluwa take fitowa. Bayan 'yan kwanaki suka dawo tare.

Malam Iro ya ce, "Likita ya ce ƙafan ya lalace. Sai an cire shi daga saman gwiwa."

Labbo ya juyo gare ni. "Auta, wagga ita ta allurar da kac ce?" Sannan ya dubi Malam Iro. "Mutanen da ba su san ƙahwa mace ta ba, su za su yanke min ita? Kuma ciwo shina ƙwabri, mi ya kai ku cinya? Tun ba a haihe ka ba nika pawa. Ban taɓa ganin an yar da cinya don ƙwabri ya ɓaci ba."

Likita ya ce ba zai taɓa shi ba sai da yardarsa, ya yi tunani, amma kada ya daɗe. Suna fita Labbo ya ce jirgin da zai koma Gusau a bayan Juma'a da mu zai tafi. Na yi magiya har na gaji. Na fita bayan ɗakin na zauna na yi kuka kamar yaro, don na san in muka hau jirgin nan gawa nake rakiya.

Duk wannan zaman baƙo bai fasa cin abincinsa ba. Kullum in sista ta wanke ciwon ta naɗe da bandeji ta tafi, sai Labbo ya kwance ya cusa nama ya mayar, da asuba ya cire kafin ta zo. Ni nake sayo naman. Ranar Laraba na sayo wata tsoka, ya latsa ta da yatsa ya harare ni.

"Wanga tsohon sa na, ya yi noma ya gaji. Baƙo ba shi da haƙori. In ya iske nama da tauri nawa za shi koma ma. Na ga gwanda bayan ɗaki, tahi ka ɗebo ganye."

Wanda ba mahauci ba bari in gaya masa, ko da yake 'yan'uwana ba za su gode mini ba. In nama ya yi tauri, ana murza ganyen gwanda har farin ruwansa ya fito, a naɗe naman a ciki a ajiye. Kafin wani lokaci tsohon sa ya koma ɗan maraƙi. Na ɗebo, na murza, na naɗe, muka tura ƙarƙashin matashi. Da ya yi laushi Labbo ya ɗaura wa baƙo, sauran da ganyen ya bar su a wurin don gobe.

Ashe ranar Likita zai yi zagayen yamma. Ya ce a kwance bandeji. Sista ta kwance, sai ga tsoka ta faɗo kan farin zanen gado. Ta yi ƙara ta ja da baya, don ta zaci ƙafar ce ta fara zubewa. Likita ya ɗaga naman da wani ɗan awartaki, ya juya shi, ya dubi Labbo, fuskarsa ta yi ja. Sista ta ɗaga matashi, ga ƙunshin ganye. Ni dai na fara neman ƙofa da ido.

Malam Iro ya yi wa Likita bayanin baƙo da abincinsa. Na zaci za a kore mu. Sai na ga Likita ya jawo kujera ya zauna, ya ɗauki ganyen ya shinshina, ya tambayi amfaninsa. Labbo ya ce sirrin sana'a ne. Da ƙyar ya faɗa, bayan ya sa Malam Iro ya yi alkawari ba zai kai wa mahautan Zariya ba. Likita ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi wata 'yar dariya ya ce a ƙasarsu ma an san aikin ruwan gwanda. Abin da ya biyo baya maganarsa ce ta bakin Malam Iro, na gyara masa mace da namiji.

"Ganyen nan yana da haƙori?"

"Ba shi da," in ji Labbo.

"To da me yake cin nama?"

"Ba ci shika yi ba. Ruwanai ka shiga cikin tsoka, shi saki abin da ad ɗaure ta."

"Haka baƙonka yake. Ba shi da baki, ba shi da ciki. Naman jikinka ne da ya ƙi jin magana, yana ta tsiro ba tsayawa. Jikin mutum kuwa a ɗaure yake, kowace tsoka da tantaninta da zarenta, kai ka fi ni ganinsu kullum. Da abin zai tsaya inda ya tsiro, da sauƙi. Amma masu bincike a ƙasarmu suna ganin yana fitar da wani ruwa mai aiki irin na gwanda. A jikin kowa akwai irinsa kaɗan, shi ke narkar da abinci, shi ke share mataccen nama in rauni zai warke. Na baƙo ne ya yi yawa, kuma ba mai tsawata masa. Yana narkar da ɗaurin da ke kewaye da shi, ya buɗe hanya, ya matsa gaba. In ya kai hanyoyin ruwan jiki sai ya bi su ya sauka a kaluluwa, daga can ya wuce ciki. Ba mu gama sanin abin ba, har yanzu ana kan nema. Amma tafiyarsa kam na sha gani."

Labbo ya nuna naman da ke kan gado. "To ai ga shi, shina ci. Kullum laushi nika iske shi."

"Ruɓa ce da ruwan ciwo. Amma bari in tambaye ka. In ka ba ganyen gwanda nama ya narkar, ka ƙara masa wani, zai ce ya ƙoshi?"

Har majinyatan da ke sauran gadaje sun kasa kunne. Labbo ya daɗe yana kallon ganyen.

"Bai ƙoshi," ya ce a hankali.

"In ka manta da nama a cikinsa fa?"

"Shi ragargaje. Ko tsinke bai riƙe shi. Kuma bai komawa."

"Ruwan yana tsayawa daidai inda ganye ya taɓa?"

"A'a. Shina wuce nan. In kana son ka tsirar da saura, sai ka yanke can gaba, inda tsoka ta ke da ƙarhinta." Yana faɗin haka sai ya tsaya, ya dubi gwiwarsa, ya dubi cinyarsa.

Likita ya ce ya lalubi kaluluwar bai ji ta yi tauri ba, shi ya sa yake gaggawa. Ya ce ba zai yi alkawarin baƙo ba zai dawo ba, wannan sai Allah, amma in aka bar shi ƙarshen a bayyane yake. Labbo ya share fuska da tafin hannu.

"Watanni ina ciyar da ƙato da tsoka mai kyau, ashe ni shika ci. Ku yanke. Amma da sharaɗi. Ƙahwagga ba ta kwana ƙasar Zazzau. Auta shi kai ta Bunguɗu a rufe ta kusa da Baba."

Malam Iro ya ce akwai maƙabarta a nan kusa, kuma malamai sun ce ko'ina aka binne ya yi. Labbo ya ce malamai ba ƙafarsu ba ce. Daga nan ya shiga koya wa Likita yadda ake bin gaɓa kada a ɓata wuƙa. Likita ya ce ya gode, amma shi da zarto yake aiki. Labbo ya ce a rufe masa ido kada ya ga wannan ɓarna.

Da sassafe aka yi aikin. Na tsaya har ya farfaɗo daga maganin barci. Abin da ya fara cewa shi ne, "Kana nan? Mi kaka jira?" Aka ba ni ƙafar an wanke, an zuba magani, an naɗe da farin ƙyalle, na ƙara naɗewa da sabuwar tabarma na ɗaure. Ba jirgi ranar, sai na sami motar da za ta Gusau. Na rungume tabarmar a ƙirji ban yarda an ɗora ta kan kaya ba. Nauyinta ya ba ni mamaki. Ni da nake saɓa cinyar sa a kafaɗa ina tafe ina hira, wannan sai da hannuna ya yi sanyi.

Da la'asar muka iso Tsafe, direba ya tsaya shan ruwa. Ban ko sauko ba na hango gajeren wandon kaki yana tahowa, hanci a sama.

"A'a, mahaucin munka-anka! Ina yayan naka mai gyambo? Mene ne wannan kuma ka rungume?"

Na ce a raina yau ce ranar. Na sauko, na gyara murya, na ajiye Zamfarci gefe, na ɗauko Hausar Kano tsantsa.

"Ƙafarsa ce, ranka ya daɗe."

"Ƙafar sa? A cikin tabarma? A ina aka yanka shi?"

"A Zariya. Bature ne ya yi aikin."

"Bature ya yi yanka? Mushe ke nan za ka kai wa Musulmi!"

"A'a, ai ba a yanka shi ba. Yana can da ransa. Ƙafar kawai aka cire."

Ya ja da baya ya dube ni. Mutane sun fara taruwa. "Kuka cire ƙafar sa da ransa? Ba ku tsoron Allah?"

"Da yardarsa aka yi. Da farko ya ƙi, sai da Bature ya zauna ya yi masa bayani."

"Ya yi wa san bayani."

"Ƙwarai. Shi ma ya ba Bature shawarar inda zai bi da wuƙa. Shi ya ce in kai ta gida."

Wani dattijo ya ce a yi mini a hankali, rana ce ta taɓa ni. Duba-gari ya ce ba rana ba ce, rainin hankali ne, kuma yau sai na kwana gidan yari. Ya sa sandarsa ya fara zungurar tabarmar, ya kama igiyar zai kwance. Ganin sanda a jikin ƙafar da ta goya ni zuwa kasuwa ina yaro, sai Hausar Kano ta gudu ta bar ni. Na fizge tabarmar na daka masa tsawa.

"Kai, ɗauke sandarka! Ƙahwatai ta! Ƙahwar Labbo yayana, da kag gani da gyambo! Ita ta anka yanke!"

Nan take duk tashar ta gane, don Hausa aka yi. Mata suka ɗauki salati. Duba-gari ya saki sanda ta faɗi, ya dubi hannunsa, ya dubi tabarma. Can sai ya cire hularsa ya ce, "Don Allah ka yafe ni. Me ya sa ba ka faɗa tun farko ba?" Na ce ai tun farko nake faɗa, da harshensa. In ba shi haƙƙinsa, shi ya sa direba ya bar shan ruwa, ya sa aka ba ni gidan gaba, kuma ya roƙi direban ya wuce da ni har Bunguɗu. Na aika wa Gwaggo Kulu cewa rabin da ta ce a maido yana nan tafe, kuma ya fi rabi.

Ana kiran magariba muka shiga gari. Liman ya ce ba a yi wa ƙafa salla, a dai rufe ta da mutunci. Muka haƙa ɗan rami kusa da Baba, ni da maƙwabta biyu. Da na dawo daga maƙabarta na tarar Yaya Dije ta fito da wuƙaƙen ta jera a kan tabarmarsa, tana goge barhon da gefen zanenta.

Na koma Zariya na yi jinyarsa har dungulmin ya warke, muka dawo tare, da sharaɗin zai riƙa zuwa Gusau ana laluben kaluluwa. Ya yi ƙiba. Yana zama a rumfa kan turmi, sandunansa a jingine, yana yanka yana zagin yadda nake riƙe wuƙa. Safiyar da ya fara fitowa, hannunsa ya yanki tsokar nan mai kyau kamar yadda ya saba, ya sunkuya zai ɗaura, sai ya ga ba wurin ɗaurawa. Ya daɗe riƙe da ita. Sannan ya miƙo mini ya ce in gasa, in sa yaji sosai. Shi ya cinye abinsa, ko tayi bai yi mini ba.

Da aka tashi kasuwa ya ce in raka shi maƙabarta. Muka tafi a hankali, yana dogarawa yana hutawa, ya ƙi in riƙe shi. Ya yi wa Baba addu'a, sannan ya juya ga ɗan tudun da ke gefe. Ni dai hawaye sun riga sun zubo mini. Ya taɓa ƙasar da bakin sandarsa.

"To, kin riga ni," in ji shi. "Ki gaida Baba. Ki hwaɗa mai ɗayar tana da sauran aiki kasuwa."